Matan Fada, Ruwan da Ya Sasanta Kabi da Sakkwato

Da zarar an harba bindiga a bakin kogin Matan Fada da ke Argungu, sai ƙasa ta ɗauki rawa. Dubban masunta, kowa da gorarsa da homarsa, su kwasa da gudu su faɗa ruwa, makaɗa kuma suna cikin kwalekwale suna zuga su da kiɗa da kirari. Kowa giwan ruwa yake nema. Cikin kamar awa guda an tashi, an kai manyan kifaye kan sikeli, kuma a bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Wannan awa ɗaya ita ce baƙi ke ɗauka a waya, ita gwamnati ke tallatawa. Amma darajar bikin Argungu tana cikin sauran watannin shekara, waɗanda ba a yarda kowa ya jefa koma a wannan yanki na kogin ba.

Sai an koma baya kafin a gane nauyin abin. Kabawa mutanen Kanta ne, wanda ya kafa daularsa a ƙarni na 16 ya gina Surame da ganuwarta. Bayan Birnin Kabi ya faɗi a hannun masu jihadi a 1805, sarautar Kabawa ta ƙare da zama a Argungu, kuma kusan duk ƙarni na 19 ana gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu. An taɓa yin sulhun da ake kira Lafiyar Toga, bai ɗore ba. Ko da Turawa suka zo suka hana yaƙi, gabar tana nan a zukata.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Sarkin Kabi Muhammadu Sama yana da dawaki da mahaya, yana iya tarbar baƙonsa da hawa kamar yadda kowace masarauta ke yi, amma hawa nuna ƙarfin yaƙi ne, kuma yaƙi ne abin da ake so a manta. Sai aka kai baƙon bakin ruwa, Kabawa suka nuna masa abin da suka fi kowa iyawa. Jikokin mutanen da suka yi ta harbin juna da kibau suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon masunta. Daga nan bikin ya samo asalinsa na yanzu, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Tun kafin ziyarar, Kabawa suna da tsarinsu da kogi. Akwai gyaran ruwa, akwai fashin ruwa, wato ranar da ake buɗe ruwa a ba da izinin su. Akwai Sarkin Ruwa, wanda sai da yardarsa ake shiga, akwai Homa, shugaban masunta. Gaskiya ne cewa a da waɗannan al'adu sun haɗa da tsafi da yanka, kuma Musulunci ya tankaɗe da yawa daga ciki. Abin da ya rage a rariya shi ne mai amfanin: ruwa yana da lokacin hutu, kifi yana da lokacin haihuwa da girma, kuma mai yunwa ma sai ya jira. Wannan bai yi nisa da hurumi ba, wanda shari'a ta san da shi. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifinsa ya wuce ruwa cike da kifi bai taɓa ba, ya koyi haƙuri da sanin haƙƙin jama'a tun kafin ya shiga aji.

Wasannin kabanci ma makaranta ce. Tseren kwalekwale, nutso, kamun agwagwa da kamun kifi da hannu, duk horo ne ga mutanen da damina ke cika musu fadama kowace shekara. Makaɗi kuwa, idan yana wasa masunci, sunayen kakanninsa yake jerowa, tarihin gidan yana shiga kunnen yara ba tare da an buɗe littafi ba.

Sai dai kogin yau ba na 1934 ba ne. An kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima ta biyo baya a shekarun 1980. Sun kawo noman rani, babu mai musun haka, amma sun canza yadda ambaliya ke malala cikin fadamu, inda kifi ke zuba ƙwai. Ga yashi yana cike ƙoramu, ga injinan ban ruwa na manoman shinkafa suna zuƙa, ga masu su da raga mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Bikin kansa ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020.

Abin takaici shi ne yadda hukumomi ke tuna Matan Fada sai biki ya matso: a yi fenti, a kafa rumfuna, a gayyato manyan baƙi, a raba motoci da kujerun Makka. Kyautar ba laifi ba ce, masunci ya cancanci fiye da haka. Amma kuɗin rumfar baƙi na shekara guda zai yi aiki mai yawa wajen yashe ruwan da tsaron hurumin. Ya kamata Gwamnatin Kebbi ta ba dokar Sarkin Ruwa ƙarfin doka a rubuce, yadda wanda ya zuba guba ko ya shiga ruwa kafin fashi zai fuskanci kotu. Haka kuma idan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima za ta zauna tsara lokacin sakin ruwa daga Goronyo, a ajiye wa masuntan Argungu kujera a wurin, domin su ne suka san watan da kifi ke hawa fadama.