Bature Ya Kai Ƙara, To Wa Ke Bin Wa Bashi?

A watan Afrilun 2018 'yan sanda suka shiga wani shagon shan kofi na Starbucks a birnin Filadelfiya, suka garƙama wa wasu samari biyu baƙar fata ankwa suka fita da su. Laifinsu shi ne sun zauna suna jiran wani abokin hulɗarsu ba su sayi komai ba. Bidiyon ya zaga duniya, kamfani ya ji kunya, ya ba da haƙuri. Ba a daɗe ba aka sallami wata babbar manaja mai kula da shagunan yankin, Shannon Phillips, wadda farar fata ce. Ta garzaya kotu ta ce da ita aka yi fansar kai, kuma launin fatarta ne ya jawo mata. A watan Yunin 2023 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar New Jersey suka ba ta gaskiya, suka ce a biya ta dala miliyan 25.6. Su kuwa samarin da aka sa wa ankwa, dala ɗaya-ɗaya suka karɓa daga hukumar birnin, tare da alƙawarin za a zuba dala 200,000 a wani shirin tallafa wa matasa 'yan kasuwa. Abin da kamfanin ya ba su ba a bayyana shi ba.

Lokacin da labarin ya iso mu, na ga mutanenmu da dama a Facebook suna tsine wa kotun. Wai ina aka taɓa jin Bature ya kai ƙarar wariyar launin fata? Ai wannan rainin hankali ne, kura ce ta zo tana kukan an cije ta. Na fahimci fushin, amma an bar jaki ana dukan taiki. Bature na iya kai ƙara, kuma daidai ne ya iya. Ɓarnar tana wani wuri dabam, kuma ta fi wannan girma nesa ba kusa ba.

Mu fara da doka. Dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu, ta hana mai ɗaukar ma'aikata nuna bambanci ga kowane mutum saboda launinsa, ko ƙabilarsa, ko addininsa, ko jinsinsa, ko ƙasar da ya fito. Ba ta ware kowa ba. An gwada wannan a 1976. Wasu ma'aikata uku na wani kamfanin sufuri mai suna Santa Fe Trail a birnin Houston aka zarga da sace galan 60 na ruwan nan da ake zuba wa lagireto don kada ya daskare lokacin sanyi. Biyu farar fata, ɗaya baƙi. Kamfani ya kori fararen, ya bar baƙin. Fararen suka kai ƙara, ƙananan kotuna suka yi watsi da su, magana ta kai Kotun Ƙoli. Wanda ya rubuta hukuncin da ya ba su damar ci gaba da ƙararsu shi ne Mai Shari'a Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zauna a wannan kotu, lauyan da ya tsaya a shari'ar 1954 wadda ta rushe raba makarantun farare da na baƙaƙe. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana yawo kotunan kudancin Amurka, inda baƙin lauya kan kwana da fargabar a rataye shi, shi ne ya ce doka ta kare Bature kamar yadda ta kare kowa. Wa zai ce Marshall bai san zafin wariya ba?

Kusan shekara hamsin bayan haka, a watan Yunin 2025, tarihi ya maimaita kansa. Wasu kotunan ɗaukaka ƙara sun daɗe suna ɗora wa wanda ya fito daga rukunin masu rinjaye ƙarin nauyi: sai ya fara nuna cewa wurin aikinsa irin wurin nan ne da ba a saba gani ba, inda ake danne masu rinjaye. A shari'ar Marlean Ames da jihar Ohio, duk da cewa tata ƙarar ba kan launin fata take ba, alƙalai tara suka haɗu a kan soke wannan sharaɗi ga kowa. Wadda ta rubuta hukuncin ita ce Ketanji Brown Jackson, mace baƙar fata ta farko a kotun.

Masu tsinuwa su tsaya su yi tunani a kan abin da suke nema. Dokar da ta ce kowane mutum, ita ce ta tsaya wa Samantha Elauf, yarinya Musulma 'yar shekara 17 a garin Tulsa, wadda kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch ya ƙi ɗauka aiki a 2008 saboda ɗankwalinta. A 2015 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya da ƙuri'a takwas ga ɗaya. Ranar da aka yarda cewa doka za ta fara duba wane ne kai kafin ta saurare ka, Bahaushen da ke tuƙa tasi a New York ko 'yar'uwarmu da ke aikin jinya a Maryland su ne za su fara kwana a ciki, ba jikan masu gandu ba.

Kuma akwai fararen da aka zalunta da gaske. Frank Ricci ɗan kwana-kwana ne a birnin New Haven. Yana da larurar da ke wahalar da karatu, har sai da ya biya wani ya karanta masa littattafan jarrabawar ƙarin girma a kaset, ya yi ta sauraro dare da rana. Ya ci jarrabawar 2003. Hukumar birnin ta ga sakamakon ba zai kai baƙi ko ɗaya ga ƙarin girma nan take ba, ta ji tsoron a kai ta ƙara, sai ta soke jarrabawar gaba ɗaya. A 2009 kotu ta ce an zalunce shi, da ƙuri'a biyar ga huɗu. Ni ina tare da shi. In jarrabawar ba ta da kyau, kafin a zauna ta ya kamata a gyara ta. Ba a canza dokar dambe bayan wani ya riga ya kai ƙasa.

To, ga inda rigimata take. Akwai masu ɗaukar irin su Ricci da Phillips su ɗaga sama su ce ga hujja, yanzu Bature ne abin tausayi a Amurka, bashin da ake bin ƙasar an biya har an yi rara. Wannan magana ba sabuwa ba ce, kuma tsufanta shi ne babban abin da ke tona mata asiri. A 1866, shekara ɗaya kacal da kawo ƙarshen bauta, majalisa ta yi dokar da ta ba baƙaƙe 'yancin ƙulla yarjejeniya da mallakar dukiya kamar yadda farare ke da shi. Shugaba Andrew Johnson ya hau kujerar naƙi, kuma daga cikin dalilansa akwai cewa dokar ta fifita baƙi a kan fari. Tabon sarƙa bai warke a ƙafar mutane ba, an riga an fara kukan an danne Bature. Majalisa ta tsallake shi dokar ta tabbata. A 1883 kuma Kotun Ƙoli ta soke wata dokar ta hana wariya a otal-otal da jiragen ƙasa, mai rubuta hukuncin yana cewa lokaci ya yi da tsohon bawa zai daina zama ɗan lelen doka. Abin da ya biyo bayan wannan ɗan lelenci shi ne shekara tamanin na wariya a hukumance.

Yanzu dubi abin da ake yi da waccan dokar ta 1866. Wani asusu a birnin Atlanta mai suna Fearless Fund, wanda mata baƙar fata suka kafa, yana ba mata baƙar fata masu ƙananan sana'o'i tallafin dala 20,000. Kuɗin ba na gwamnati ba ne. A 2023 wata ƙungiya ta Edward Blum ta maka su a kotu da wannan doka da aka yi domin 'yantattun bayi, kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da shirin, a watan Satumbar 2024 aka rufe shi. Blum ba lauya ba ne, tsohon dillalin hannayen jari ne, sana'arsa nemo masu ƙara. Shi ya tsaya wa Abigail Fisher a rigimarta da Jami'ar Teksas, ta faɗi a 2016. Shi ne kuma ya jagoranci ƙarar da ta kai Kotun Ƙoli ga haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i ranar 29 ga Yunin 2023. Ɗaliban asalin Asiya da aka yi ƙarar da sunansu suna da ƙorafi na gaske a kan yadda Harvard ke auna halayensu. Amma bayanan da suka fito a wannan shari'ar sun nuna cewa kashi 43 cikin ɗari na fararen da Harvard ta ɗauka 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan malamai, ko waɗanda ke cikin jerin alfarma na shugabannin jami'a, inda 'ya'yan masu ba da gudummawa suke. Hukuncin bai taɓa wannan ƙofa ba. Ƙofar da aka buɗe wa jikan bawa aka toshe, ta ɗan gata tana nan a buɗe.

Manoma ma haka. A 1920 baƙaƙen manoma a Amurka sun kusa miliyan ɗaya, yau ba su kai dubu hamsin ba. Ma'aikatar gona ta ƙasar ta shafe shekaru tana hana su rance ko tana jan ƙafa har damina ta wuce, kuma a 1999 gwamnati ta yarda ta biya diyya a shari'ar Pigford. A 2021 majalisa ta ware kimanin dala biliyan 4 don yafe bashin manoman da aka daɗe ana dannewa. Cikin 'yan watanni fararen manoma suka kai ƙara a jihohi da dama, kotuna suka dakatar da kuɗin, a 2022 majalisa ta soke tanadin ta sauya shi da wani. Zaluncin ya ɗauki shekaru da dama ana yin sa ba mai cewa uffan, maganinsa kuwa ko wata shida bai yi ba aka ƙwace shi.

Me ya sa abin ke tafiya haka? Saboda kotu hujja take nema, kuma hujjojin nan biyu ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke son gyara ɓarna dole ya rubuta a allo: wannan tallafi na mata baƙar fata ne. Lauya ya ɗauki hoton allon, ya gama aikinsa. Wanda ke nuna wariya kuwa ba ya rubuta komai. Wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 zuwa kamfanoni a Boston da Shikago, masu ɗauke da ƙwarewa iri ɗaya, sunaye kawai suka sauya. Sakamakon da suka buga a 2004 ya nuna masu suna irin Emily da Greg sun fi masu suna irin Lakisha da Jamal samun kira da kashi 50 cikin ɗari. To Jamal wa zai kai ƙara? Bai ma san an yi masa komai ba. Wayarsa ce kawai ba ta yi ƙara ba. In ma ya yi zargi, kwana 180 gare shi, ko 300 a wasu jihohi, ya shigar da ƙorafi a hukumar da ke kula da daidaito a wurin aiki, sannan ya nemo lauyan da zai yarda ya shiga shari'ar da babu takarda ko ɗaya a cikinta. Da wane kuɗi? Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai kimanin dala 285,000, ta gidan baƙar fata kuwa kimanin 45,000.

Mu da muka taso muna jin gardamar kason gurabe a makarantun tarayya da ma'aikatun Najeriya mun san yadda take. Yaron da ya ci maki mai yawa aka hana shi gurbi yana da suna, yana da fuska, yana da takardar sakamako a hannu. Yara dubu da ba su taɓa ganin malamin lissafi ba ba su da ko ɗaya daga cikin ukun nan a gaban alƙali.

Ko da baƙi ya zo da lissafi, sau da yawa ba ya isa. Warren McCleskey baƙar fata ne da aka yanke wa hukuncin kisa a jihar Jojiya bisa kashe wani ɗan sanda farar fata. Lauyoyinsa suka gabatar da binciken Farfesa David Baldus a kan shari'o'in kisa sama da 2,000 a jihar, wanda ya nuna cewa wanda ya kashe fari ya fi wanda ya kashe baƙi yiwuwar samun hukuncin kisa da ninki huɗu da ɗoriya. A 1987 Kotun Ƙoli, da ƙuri'a biyar ga huɗu, ba ta musanta lissafin ba, amma ta ce sai ya nuna cewa a shari'arsa shi kaɗai wani ya yi niyyar nuna masa wariya. Ina zai samo wannan, sai dai in mai gabatar da ƙara ya zo ya yi iƙirari da bakinsa? Thurgood Marshall, wanda ya buɗe wa fararen Houston ƙofar kotu shekara goma sha ɗaya kafin nan, yana cikin huɗun da suka ƙi yarda. Lewis Powell, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, bayan ya yi ritaya ya gaya wa mai rubuta tarihin rayuwarsa cewa da zai iya sauya ƙuri'arsa a shari'a ɗaya, wannan ce zai sauya. An kashe McCleskey a kujerar lantarki a watan Satumbar 1991.