Fagen Wasanni: Ƙwallon Gora A Kudancin Kaduna, Daga Tushe Ake Gini

In aka ambaci wasanni a Nijeriya, hankalin kowa sai ya tafi ga ƙwallon ƙafa. To, amma akwai wani wasa da ya daɗe yana fid da ƙasar nan kunya ba tare da an buga masa tambari ba, watau ƙwallon gora, wanda 'yan makaranta kan kira hoki. Cikin watan Janairu na 2022 ƙungiyar maza ta Nijeriya ta zo ta uku a gasar cin kofin Afirka da aka yi a birnin Accra, bayan Afirka ta Kudu da Masar. A 2023 kuma mata suka kai wasan ƙarshe a Pretoria wajen neman gurbin zuwa gasar Olamfik, Afirka ta Kudu ce kaɗai ta sha gabansu. Jihar Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan fage, don kuwa Kada Stars da Kada Queens suna cikin ƙungiyoyin da ake jin sunansu a gasar ƙasa, tare da irin su Niger Flickers ta Minna da Yobe Desert Rollers.

Sai dai ɗan wasa ba ya tabbata a fili. Wanda ake yi wa tafi bana, nan da shekara goma ya jingine gorarsa. Saboda haka abin tambaya shi ne, daga ina magada za su fito? Kudancin jihar yana da abin da ake bukata. Ga makarantu tun na zamanin mishan a Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kaciya, ga Kwalejin Ilmi a Gidan Waya, ga kuma Kafancan, wadda ta zama mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, ta saba karɓar jama'a daga ko'ina. Banda wannan, Jos ta fi Kaduna kusa da ita, watau wasan sa da zumunci da yaran Filato ba zai ci kuɗin mota mai yawa ba. Abin da ya rage shi ne ƙungiyar matasa mai tsari.

Asalin wasan nan a ƙasar nan daga barikin soja da makarantu ne. Turawan mulki suka zo da shi tare da kurket, ya yi saiwa a manyan makarantun gwamnati irin su Barewa ta Zariya da Kwalejin Keffi. A wancan zamani fili mai ciyawa ko tsandauri ya isa. Al'amari ya sake tun gasar Olamfik ta 1976 a Montreal, inda aka fara buga shi a kan shimfiɗar roba. Ƙwallo ya ƙara gudu, gina fili ya zama sai mai ƙarfi. Indiya, wadda ta ci lambar zinariya har takwas, ta ƙarshe a Mosko a 1980, sai da ta yi shekara 41 ba ta sake ɗaukar wata lamba ba, kafin ta sami tagulla a Tokyo a 2021. Ba ta farfaɗo ba sai da jihohi irin su Odisha suka koma ƙauyuka suna ɗibar yara, suna gina musu filaye da makarantun kwana na wasa.

Kada rashin shimfiɗar roba ya zama hujjar naɗe hannu. Hukumar ƙwallon gora ta duniya ta fito da wani salon wasa na mutum biyar-biyar maimakon goma sha ɗaya, a ƙaramin fili da aka kewaye da katako. An fara shi a gasar Olamfik ta matasa a 2014. Da wannan salo yaran Zambiya suka zo na huɗu a duniya a Buenos Aires a 2018, kuma Nijeriya kanta ta halarci gasar cin kofin duniya ta mutum biyar a ƙasar Oman a 2024. Filin makarantar firamare da aka share aka daddaɓe ya ishi yaro koyon riƙon gora da tare ƙwallo.

Farkon aikin ƙungiya shi ne raba yara aji-aji bisa ga shekarunsu. A ƙasar Holan, inda wasan ya fi bunƙasa, ƙanana kan fara da uku-uku, su koma shida-shida, sa'an nan takwas-takwas, kafin a sa su a cikakken fili. Hikimar ita ce, in 'yan wasa ba su da yawa, kowane yaro zai taɓa ƙwallo sau da dama. Ƙungiyar Kafancan tana iya yin aji uku: 'yan ƙasa da shekara 12, da 15, da 18, maza daban mata daban. Ajin tsakiya shi zai riƙa ciyar da jiha a Gasar Matasa ta Ƙasa, wadda aka fara a Abuja a 2013, aka yi ta shekaru a Ilori, daga baya ta koma Asaba.

A nan ne kuma ramin da yawancin ƙungiyoyi ke faɗawa yake, watau ƙaryar shekaru. Mai koyarwa yana son kofi, sai ya aske wa ƙato gemu ya tura shi cikin yara. Ba a manta ba, a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwa, har ta ƙwace mata izinin ɗaukar nauyin gasar 1991. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A ƙwallon gora abin ya fi muni, domin ƙwallon tauri gare shi kamar dutse, bugun ɗan shekara ashirin yana iya nakasa ɗan shekara goma sha uku. Maganin abin shi ne a rubuta kowane yaro tun ranar shigarsa, da hotonsa, da takardar haihuwa, da sa hannun hedimasta, a ajiye littafin inda kowace ƙungiya za ta iya dubawa.

Zaɓen 'yan wasa shi ma sai an yi hattara. A sa ranar gwaji, a yi shela a makarantu, a kawo alƙalai daga wata ƙaramar hukuma, kuma uban yaro kada ya zauna cikin masu zaɓe. Wanda bai shiga rukunin farko ba a sa shi na biyu, kada a sallame shi, gama wani yaron sai ya kai shekara goma sha shida jikinsa ke buɗewa. Dokar wasan ta yarda a yi ta musanya 'yan wasa ba iyaka, saboda haka mai koyarwa ba shi da uzurin barin yaro a benci tun daga farko har busa ta ƙarshe.

Batun kuɗi kuwa, gora da takalmi da kariyar ƙwauri, balle kayan mai tsaron gida, duk sun fi ƙarfin ɗan manomin citta. Kayan su zama na ƙungiya, a bayar aro a karɓa. Abin da iyaye da 'yan kasuwa da ƙananan hukumomi suka bayar a karanta shi a bainar jama'a ƙarshen kowane zango. A tsara gasa daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ruwa ya ɗauke, a dakata in jarrabawa ta matso. Yaron da ya daina zuwa aji a hana shi gora, domin wasan nan bai cika ciyar da mai shi ba, takardar makaranta ita ce madogara. 'Yan mata kuma kada a yi tafiya da su sai da malama mace da yardar iyaye.

Akwai sharaɗi guda da ya fi dukan waɗannan nauyi. Kafancan ta ga tashin hankali a 1987 da 2011, har unguwanni suka rabu. Ƙungiyar da za a kafa bisa addini ko ƙabila gara ba a kafa ta ba. A haɗa Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Hausa da Fulani cikin riga ɗaya. Yaron da ya saba miƙa wa ɗan'uwansa ƙwallo, da wuya a zuga shi ya jefe shi da dutse.

Hukumar wasanni ta jiha da malaman motsa jiki da iyaye, kowa ya ga nasa rabon aikin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa masu abin su ji.