Kasuwar Salla Sai Da Sanin Mai Saye

Kowace shekara in Babbar Salla ta gabato, sai ka ga manyan motoci cike da raguna sun nufo Ikko da Badun. Waɗansu fatake su koma gida da riba, waɗansu kuwa su karyar da kaya ranar jajibere. Sau da yawa bambancin yana wajen sanin abin da bikin yake nufi ga mai saye.

Yarabawa suna kiran wannan Salla Ileya, watau lokacin tafiya gida. Bayaraben da ya sayi rago a Agege, sau da yawa can garinsu zai kai shi, dangi su gani su shaida ɗansu ya zama mutum. Saboda haka da wuri yake saye, kuma rago mai tsayi da ƙaho yake nema, wanda zai jure tafiyar mota. A Ijebu Ode kuma, rana ta uku ta Salla ake bikin Ojude Oba, inda kowace ƙungiyar tsara take fitowa gaban Awujale da anko iri ɗaya. Telan da ya san haka, tun watanni kafin Salla zai nemi shugabannin ƙungiya ya nuna musu samfur.

Haka zancen goro. Wanda Bahaushe ya saba ci yana rabuwa gida biyu, amma wajen al'ada Yarabawa da Ibo sun fi son mai rabuwa uku ko huɗu, wanda Yarabawa ke kira abata. Wanda ya kai musu na gida biyu ya yi ɗaukar banza.

Masana kasuwanci a Jami'ar Stanford ta Amurka suna koyar da wata dabara mai kama da wannan: a fara da lura da mai saye, a tambaye shi, a gwada kaɗan, a gyara, sa'an nan a zuba jari. Wannan ba baƙon abu ba ne ga dillalan Sabo da Shagamu na dā, waɗanda suka iya Yarabanci suka san kowane gida.

Sai kuma a tuna Salla tana matsowa baya da kwana 11 kowace shekara. In ta faɗo cikin damina, ragon Arewa yana bukatar rumfa da busasshen abinci, in ba haka ba ruwan Kurmi ya kwantar da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kara su zauna da fatake tun watan Shawwal, a san abin da masu gari ke so kafin a loda mota.