FILIN ƘARIN SANI: Ta ina saƙo ya ke bi cikin intanet?

A ɗauki misalin wani dattijo a ƙauyen Tasawa. Ɗansa ya tafi cin rani Abijan tun bayan girbi. Ran nan da hantsi salula ta yi ƙara. Jikansa ya danna, sai ga muryar ɗan nan: "Baba, ina kwana? Na aiko kuɗin iri, a je a karɓa." Tsakanin Abijan da Tasawa ya fi kilomita 2000 a mota. A da, sai a rubuta wasiƙa ko a ɗauki magana cikin kasat, a ba direba, a yi ta jira. Yau maganar ta iso kafin shayi ya huce. To, ta ina ta biyo?

Ta biyo intanet. Intanet hanya ce, kamar yadda gudaro da burtali su ke hanya. Sai dai ita ba mota ko shanu ke bin ta ba, saƙo ne. Ta haɗa wayoyi da na'urori masu ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, na duniya baki ɗaya. Ba ta da sarki guda. Kowane kamfani da kowace ƙasa sun gina nasu yanki, sa'annan a ka haɗa yankunan, a ka yarda da ƙa'ida guda ta aika saƙo.

Ga yadda tafiyar ta ke. Da yaron ya gama magana, wayarsa ta mai da muryar lambobi. Lambobin iri biyu ne tak: 0 da 1. Hoto ma haka, rubutu ma haka. Sa'annan wayar ta yanka saƙon ƙulli ƙulli. A kan kowane ƙulli akwai lambar mai aikawa, da lambar wurin da za shi, da lambar da ke nuna ko shi ne na fari, ko na biyu, ko na ɗari.

Mai fataucin albasar Galmi ya san wannan dabara. In ya na da buhu 300, ba dole su shiga mota guda ba. Ya kan rubuta shaidarsa a kan kowane buhu, ya raba su cikin motoci uku ko huɗu. Wata motar ta riga wata isa. Can a ƙidaya, in buhu ya ɓace a nemo shi. Haka ƙullin saƙo su ke yi. In sun isa, a jera su bisa lambarsu. In ɗaya bai zo ba, a ce a sake aiko shi. Duk wannan cikin ƙiftawar ido.

Mutane da yawa su na tsammanin saƙo ya na tashi cikin iska tun daga Abijan har ƙauye. A'a. Tafiyarsa ta iska gajera ce: daga waya zuwa dogon ƙarfen kamfani mafi kusa, kilomita kaɗan. Shi ya sa makiyayi ya kan hau tudu neman rezo in ya yi nisa cikin daji. Daga dogon ƙarfe, saƙo ya kan wuce zuwa wani ƙarfen, har ya shiga igiya da a ka binne cikin ƙasa. Cikin igiyar akwai zaren gilashi, sirinsa kamar gashin kai. Haske ke gudu cikinsa, ya na ƙyaftawa, ya na ɗauke da lambobin nan. Gudunsa ya kai kilomita wajen 200.000 cikin daƙiƙa guda.

A kowace mararraba akwai na'ura mai aikin ɗan kamasho a tasha. Ba ruwanta da abin da ke cikin kaya. Ta duba lambar wurin zuwa, ta ce: kai bi nan, kai bi can. In wata hanya ta toshe, ta tura ƙullin ta wata.

Saƙon WhatsApp ba ya zuwa wayar dattijo kai tsaye. Ya kan fara sauka a wani babban ma'aji na kamfanin, ɗakuna cike da kwamfutoci da ba a kashe su dare da rana. In wayar dattijo ba ta da caji, saƙon ya jira can. Alamun da ke gefen saƙo su ke faɗin haka. Alama guda: ya bar wayar yaro, ya isa ma'aji. Alama biyu: ya shiga wayar uba. In sun koma shuɗi: an buɗe. Saboda haka wanda ya ga alama guda kada ya yi fushi ya ce an ƙi amsa masa. Wataƙila wayar ce ta ke wurin mai caji a kasuwa.

Tsakanin nahiyoyi kuwa, mafi yawan saƙonni ta ƙarƙashin teku su ke bi. Jiragen ruwa ne su ka shimfiɗa igiyoyi a ƙasan ruwa, daga Turai har gaɓar Afirka. Su kan fito a garuruwa kamar Kwatano da Legas da Abijan. Nijar ba ta da teku, don haka igiyoyinta sai sun ratsa ƙasashen maƙwabta kafin su kai ga waɗancan. Ranar 14 ga watan Maris na 2024, igiyoyi huɗu sun lalace a teku wajen Kodibuwa. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na yammacin Afirka, har da Nijar. Mutum ya na Damagaram, bai taɓa ganin teku ba, amma abin da ya faru ƙasan teku ya taɓa wayar da ke aljihunsa.

Abin ya faro ne a Amurka a 1969. Masu bincike su ka haɗa kwamfutocin wurare huɗu da kuɗin ma'aikatar tsaron ƙasar. Saƙon fari, haruffa biyu kawai su ka wuce, L da O, sai na'urar ta tsaya. Ƙa'idar aika ƙulli da a ke bi yanzu ta fara aiki a 1983.

To, yanar gizo fa? A kan haɗa ta da intanet kamar abu guda ne, amma da bambanci. In intanet hanya ce, yanar gizo rumfunan kasuwa ne da ke bakin hanyar. Kowace rumfa a na ce mata shafi. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙago ta a 1989, ya na aiki a wata cibiyar bincike kusa da Janeba, ƙasar Suwis. A 1993 cibiyar ta sake ta kyauta ga kowa. Dabararsa ita ce: cikin shafi a sa wata kalma wadda in an taɓa ta sai ta kai mutum wani shafin, kamar zaren gizo-gizo da ke kama wannan reshe da wancan.

Kowane shafi ya na da suna, sau da yawa ya kan fara da www. Na'urori kuwa lamba su ka sani, ba suna ba. Don haka akwai wani kundi da ke mai da suna lamba, kamar yadda mutum ke danna sunan ƙanensa a salula, ita kuma ta kira lambarsa. Ƙarshen sunan ya kan nuna ƙasa: .ne na Nijar ne, .ng na Najeriya. Akwai shafuffuka da Hausa, na gidajen rediyo da na Wikipedia. Cibiyar Agrhymet ta Yamai, mai lura da ruwan sama da amfanin gona a Sahel, ita ma ta na da nata.

Hanyar ba kyauta ba ce. A na awon saƙo da mega, kamar yadda a ke awon hatsi da tiya. Mega guda ta na ɗaukar haruffa kusan miliyan ɗaya. Murya ta fi rubutu ci, hoto ya fi, bidiyo kuwa shi ne gara, minti kaɗan ya cinye mega masu yawa. Wanda ya iya rubuta "nawa ne tiyar wake yau a Maradi?" ya tambayi kasuwa goma, megarsa ba ta ko motsa ba. Nan karatun dare ya ke biyan mai shi.

Sauran magana guda, mai nauyi. Ɗan kamashon nan da ba ya duba kaya, ba ya raba gaskiya da ƙarya. Kowa na iya kafa rumfa, malami da ɓarawo. Hoton farin ɗango na shekarun baya, na wata ƙasa, sai a aiko shi a ce jiya ne a Tawa, manomi ya firgita ya sayar da hatsinsa da araha. Kafin a gaskata, a tambayi malamin gona ko a saurari rediyo. Haka maganin dabbobi: hoto a waya ba ya maye gurbin likitan dabbobi.

Akwai kuma masu kiran mutum su ce ya ci kyauta, ko su ce sun aiko kuɗi bisa kuskure, ya faɗa musu lambobin da su ka shigo wayarsa. WhatsApp ya kan aiko lambobi 6 in za a buɗe shi a sabuwar waya. Wanda ya karɓi lambobin nan ya karɓe layin WhatsApp na mutum, ya shiga roƙon danginsa kuɗi da sunansa. Ba a faɗa wa kowa su, haka ma lambar sirri ta ajiyar kuɗi. In saƙo ya zo da sunan ɗa ya na neman a tura kuɗi maza maza, dattijo ya sa a kira yaron a lambarsa ta kullum, ya ji bakinsa, ya tambaye shi wani abu na cikin gida da baƙo bai sani ba.