Taswirar Ƙwaƙwalwa Kafin A Sa Wuƙa

 Zancenmu na yau a kan ƙari ne, wanda ya kan tsiro a cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, da irin dabarar da likitoci su ka samu ta gano wurin da motsin hannu da ƙafa ya ke fitowa tun ba su buɗe kai ba. Kada wani ya ce wannan zancen mutanen birni ne. Hannun da malami ya ke riƙe alƙalami da shi, da wanda ɗan kasuwa ya ke ƙirga kuɗi da shi, shi ne abin da a ke ƙoƙarin tserarwa.

Ku sani, motsin jiki yana da wurinsa a ƙwaƙwalwa, wani ɗan tsiri ne da ya taso daga tsakar ka ya gangaro wajen kunne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ƙafa tana can sama, hannu a tsakiya, fuska da harshe a ƙasa. Jijiyoyin da su ka fito daga nan su kan gitta wa juna a wajen ƙeya kafin su shiga laka, saboda haka ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya hannun dama. A 1870 wasu Jamusawa biyu, Fritsch da Hitzig, su ka nuna haka a jikin kare da ɗan lantarki. Sa'an nan Likita Penfield na birnin Montreal a ƙasar Kanada ya bi wurin daki-daki a jikin mutane, ya bayyana sakamakonsa a 1937.

Da wannan sani ne Likita Godlee ya cire wa wani saurayi ƙari a London a 1884, alhali ba hoto ko ɗaya a lokacin. An lura da gaɓoɓin da farfaɗiya ta ke kamawa a ɓarinsa na hagu, a ka ce ga inda ƙarin ya ke, da a ka buɗe kuwa sai ga shi. Amma wurin ya ruɓe, saurayin ya rasu bayan wajen mako huɗu.

To, ina wuyar ta ke? Ƙari in ya girma ya kan ture maƙwabtansa, kamar yadda kuka ta kan ture katanga. Wurin hannu da littafi ya ce yana nan, sai a tarar ya goce. In likita ya ji tsoro ya rage ƙarin da yawa, zai sake tohowa da wuri. In kuwa ya zarce iyaka ko da faɗin farce ne, sai mutum ya farka ɓarin jikinsa a shanye. Tsakanin waɗannan biyu ne a ke neman taswira, kuma kowane majinyaci da tasa.

Hoton ƙashi, wanda Rontgen ya gano a 1895, ba ya nuna ƙwaƙwalwa sosai. A 1971 a ka fara ɗaukar kan majinyaci a London da na'urar CT ta Hounsfield. Bayanta sai ga MRI, wadda ta ke aiki da maganaɗisu mai ƙarfi. A 1990 wani masani ɗan Japan, Ogawa, ya nuna cewa wannan na'ura tana iya bambanta jinin da ke ɗauke da iskar numfashi, watau oksijin, da wanda ya sauke ta. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Ga yadda a ke yi. Majinyaci zai kwanta a cikin na'urar, a ce ya riƙa motsa yatsunsa na kamar rabin minti, ya huta, ya sake, har sau da dama. Wurin da ke ba yatsun umarni ya kan jawo jini fiye da na kusa da shi, kamar yadda rumfar da a ke ciniki ta kan tara mutane. Kwamfuta sai ta shafa wa wurin launi a kan hoto. Haka za a yi wa ƙafa da leɓe. Akwai kuma wani irin ɗauka da a ka fito da shi a 1994, mai nuna hanyar jijiyoyin da su ka nutsa can ciki. Na uku, a kan ɗora wani ɗan faifan maganaɗisu a fatar kai, in ya zo daidai wurin sai yatsa ya harba da kansa. A Sheffield ta Ingila a ka fara wannan a 1985.

Amma fa a yi hattara, taswira ba ita ce gona ba. Jijiyoyin jinin da ke kewaye da ƙari su kan lalace, har wuri mai aiki ya fito a hoto kamar matacce. Kuma da zarar an buɗe ƙoƙon kai ruwa ya zuba, ƙwaƙwalwa ta kan ɗan gusa daga inda hoto ya nuna ta. Don haka ƙwararru ba su kan tsaya ga hoto kaɗai ba. Su kan taɓa wurin da ɗan lantarki kafin su yanka, wani lokaci ma majinyacin yana farke yana magana, gama ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin yanka, fatar kai a ke kashewa da allura. A 2020, a asibitin King's College na London, wata mata ta riƙa kaɗa gogenta na Turawa ana cire mata ƙari, don kada a taɓa wurin hannunta na hagu. A 2012 an tattara labarin majinyata fiye da 8,000 a ka auna. Waɗanda a ka gwada su da lantarki a lokacin aiki, wajen 3 cikin 100 ne su ka sami naƙasa mai tsanani mai ɗorewa; waɗanda ba a gwada ba, wajen 8 cikin 100.

A ƙasarmu, Likita Latunde Odeku ne ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962. Yau akwai masu wannan aiki a Asibitin Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da cibiyar da ke Asibitin Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. An kuma yi fiɗar kai majinyaci na farke a Legas da Ibadan.

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu, mu mutanen Mainika da Gwarzo da Kabo. Duk wannan hikima amfaninta ya fi yawa ga wanda ya je hannunsa na motsi, gama yatsan da ya riga ya mutu ba shi da abin da zai nuna wa na'ura. Mara lafiya kuwa a wajenmu, zauren malam ya kan fara zuwa kafin asibiti. Ashe nauyi a wuyanmu ya ke. In ka ga babban mutum wanda bai taɓa farfaɗiya ba ta fara kama shi, musamman in ta kan soma daga hannu ɗaya ko gefen baki; ko ciwon kai mai tsanani da asuba tare da amai; ko ɓarin jiki yana raunana a hankali mako bayan mako; ko gani yana dushewa, to, ka yi masa addu'a, ka kuma ce a kai shi babban asibitin Gwarzo a ranar, a nemi takardar zuwa Kano. Kada a ce iska ce ko sammu a zauna wata shida. Ba kowane ƙari ne daji ba. Da yawa a kan cire su mutum ya koma sana'arsa. Fiɗa kuma ba baƙuwa ba ce a wajen magabata, ga Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya zana kayanta a littafinsa At-Tasrif.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku ne a kan nufa in an zo biyan kuɗin hoto. Kuɗin yana da nauyi, amma bai kai nauyin ciyar da shanyayye shekara da shekaru ba. In kun raka ɗan'uwa, ku tambayi likita abu uku cikin ladabi: ƙarin yana kusa da wurin motsi ko na magana? Da wace dabara za a tsare wurin a lokacin aiki? In an bar saura, me za a yi masa? Ku kuma faɗa masa in akwai ƙarfe a jikin majinyaci, kamar ɓarɓashin harsashi, a kuma cire zobe da guru kafin a shiga ɗakin maganaɗisu, don yana fizgar ƙarfe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana gaɓoɓinmu, amin. Haza wassalam.