Uwa a Gindin Murhu: Ƙaryar da Muke Shayar da Yaran Ƙaura da Shinkafi da Zurmi

Duk shekara, da zarar an fitar da sunayen waɗanda suka samu tallafin karatu, na cikin gida ko na ƙetare, akwai maganar da ke zagaya majalisunmu daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, har ta iso zaurukan WhatsApp na 'yan bokon yankin mazauna Gusau da Kaduna da Abuja: "Ai wannan sai mai uwa a gindin murhu." A faɗe ta, a girgiza kai, a koma hirar siyasa. Da manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ne ya faɗa, da na yi masa uzuri. Amma galibin masu faɗinta mu ne, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da 'yan jarida irina, mutanen da suka taɓa zama gaban kwamitin tantancewa, suka ji irin tambayoyin da ake yi a ɗakin, suka fito kuma ba su koya wa ƙannensu ko ɗaya ba.

Ban zo in wanke kowa ba. Akwai son kai a rabon gurabe a Nijeriya, wanda ya musa haka bai daɗe a ƙasar ba. Kuma abin da ya faɗa wa karatun yaran arewacin Zamfara a 'yan shekarun nan ya isa ya karya gwiwar kowa. A ranar 1 ga Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe makarantu bayan sace ɗalibai a Ƙaya ta ƙaramar hukumar Maradun, watanni shida bayan abin da ya faru a Jangeɓe. A cikin wannan mako aka katse layukan waya a faɗin jihar. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin mayar musu. A wannan shekarar an rufe karɓar takardun neman tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya a farkon Nuwamba, wato matashin da ke zaune a Zurmi ba shi da halin cika fom sai ya ɗauki ransa a hannu ya hau hanya. A 2022 hukumar WAEC ta bayyana cewa Zamfara da Sakkwato ba su yi wa ɗaliban makarantun gwamnati rajistar jarrabawar ba. Kafin wannan, bashin da jihar ta tara na kuɗin jarrabawa ya sa an riƙe sakamakon ɗalibai shekara da shekaru, sai a zamanin Gwamna Dauda Lawal, wanda ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Nuwamban 2023, aka shiga biya. Yaron da aka riƙe wa sakamako ba ya ma cikin masu takara, balle a ce an fi shi hanya.

Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa maganar uwa a gindin murhu ta fi ba ni haushi. Ta ɗauki bala'in da ya samu yaran ta mayar da shi mayafin da mu manya muke rufe lalacinmu da shi.

A duba tsarin da idon basira. Ka'idar shiga jami'o'in tarayya ta kasa gurabe uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta, kashi 35 na yankin da jami'a take, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma Zamfara na cikinsu. Asusun Bunƙasa Fasahar Man Fetur, PTDF, wanda ke tura ɗalibai digiri na biyu da na uku a ƙetare, yana bin tsarin raba-daidai tsakanin jihohi. Ma'anar wannan ita ce ɗan Shinkafi, a wurare da yawa, da 'yan jiharsa yake gogayya, ba da dubban 'yan Legas ba. A 2013 aka fitar da makin shiga makarantun sakandaren haɗin kan ƙasa: ɗan Anambara sai ya ci 139, ɗan Zamfara 4, 'yar Zamfara 2. 'Yan kudu sun yi ta yi mana dariya a jaridu, mu kuma muka yi fushi da dariyar, ba mu yi fushi da abin da ya jawo ta ba. Shekara biyar bayan haka, a 2018, aka sanar cewa yara 28 kacal suka yi rajistar wannan jarrabawa daga duk jihar. An buɗe ƙofa har ta bugi bango, masu shiga ne babu.

To, su wa ke cinye rabon Zamfara idan an zo ga manyan gurabe? A nan ne maganar take ɗaci, don amsar tana gidajenmu. Yaron da aka haifa a Abuja, ya yi makarantar kuɗi, bai taɓa kwana a Zurmi ba, shi ne zai sa a karɓo masa takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukumar, ya shiga takara da sunanta. Ban ce ya yi haramun ba, garin ubansa ne. Abin da nake cewa shi ne bai buƙaci a saya masa gurbi ba. Ya san ranar da ake buɗe shafin neman tallafin, ya san yadda ake rubuta bayanin manufa, an zaunar da shi a falo an yi masa tambayoyin gwaji har bakinsa ya saba. Uwar da yake da ita a gindin murhu ita ce wannan sani, kuma sanin nan ba ya raguwa don an ba wani. Mu da muke da shi mun ba 'ya'yanmu, muka bar ɗan maƙwabcin mahaifinmu da karin magana.

Bara wani matashi ɗan Ƙaura, wanda ya gama digirinsa da sakamako mai kyau, ya samu gayyatar ganawar tantancewa. Ɗan'uwansa ya haɗa mu, na ce ya zo mu yi gwaji. Na zauna kamar ɗan kwamiti, na tambaye shi da Turanci ya ba ni labarin wani lokaci da ya jagoranci mutane. Ya sunkuyar da kai, ya daɗe, sannan ya koma Hausa: "Yaya, mi zan ce? Ni ban taɓa riƙe muƙami ba." Na bar batun, muka shiga hira. A cikin hirar ne, kamar abin da bai kai a faɗa ba, ya ambaci cewa lokacin da mutanen ƙauyuka suka gudo cikin gari, shi da abokansa uku sun riƙa tara yaran a wani zaure suna koya musu karatu da lissafi da yamma, kusan shekara biyu. Shi ya roƙi mai zauren, shi ya tsara wa abokan ranakun koyarwa, shi ya riƙa bin iyaye yana lallashinsu su bar 'yan mata su zo. Na ce masa wannan fa shi ne amsar tambayar. Ya dube ni da mamaki ya ce ai wannan don Allah suka yi.

Na daɗe ina juya wannan amsa. An yi wa yaron tarbiyya mai kyau: kada ka haɗa ido da babba, kada ka ce "ni na yi", yabon kai jahilci. Kwamitin tantancewa kuwa, ko na PTDF ne ko na ofishin jakadancin Birtaniya, yana da mintoci kaɗan da takardar ba da maki, kuma abin da ba a faɗa ba, ba a rubuta masa maki. Chevening ma ba ta ɓoye abin da take nema: rubutu huɗu, kan jagoranci, da ƙulla hulɗa da mutane, da dalilin zaɓen kwas, da abin da mutum zai yi idan ya dawo, tare da ƙwarewar aiki ta awa 2,800, wadda aikin sa-kai ma yana shiga lissafinta. Tambayoyin ganawar daga cikin waɗannan suke fitowa. Jarrabawa ce da aka riga aka ba ka tambayoyinta wata da watanni.

Wasu abokaina, musamman waɗanda suka ɗan zauna a Turai, suna cewa maganin shi ne yaranmu su yar da kunya, wai ita ce ta hana mu ci gaba. Ban yarda ba, kuma ina ganin wannan ma wata hanyar ce ta ɗora wa yaro laifi. Wanda alƙali ya kira shaida, ya faɗi abin da ya gani, babu mai ce masa marar kunya. Abin da kwamiti ke nema shaida ce: yara nawa ne, wata nawa aka yi, wace matsala ta taso, me ka yi da ta taso. Malamanmu sun daɗe da warware wannan a tafsirin Suratu Yusuf, inda Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasar Masar, ya kuma ambaci siffofin da suka sa ya dace da aikin. Kowane yaron da ya zauna tafsirin azumi a Shinkafi ya ji wannan ƙissa. Babu dai wanda ya taɓa ce masa tana da alaƙa da kujerar da zai zauna a kai ranar ganawa.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke kayar da mutum tun bai kai ɗakin ba, kuma su ne suka fi ba ni takaici don gyaransu ba ya buƙatar gwamna. Sunan da ke kan sakamakon sakandare Muhammad, na lambar NIN Mohammed, na takardar haihuwa Mamman, a wani wurin an ƙara sunan gari, a wani an cire. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN, kuma na'ura ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba. Yaro ya je shagon intanet a cika masa fom, mai shago ya sa lambar wayarsa da adireshinsa na imel, saƙon gayyata ya shiga can ya kwanta har ranar ta wuce. Bayanin manufa kuwa, wanda ya kamata ya zama muryar mai nema, sai a kwafo na wani a sauya suna, ɗan kwamitin da ya karanta irinsa ɗari ya gane shi tun layin farko. Ga takardar shaida daga malami, wadda ake nema ana gobe za a rufe, malamin ya rubuta layi uku da za su dace da kowa. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda ke nan tun 1983, ko na Jami'ar Tarayya ta Gusau, zai iya gama karatu bai taɓa jin cewa gidauniyar MTN tana ba ɗaliban kimiyya da fasaha masu sakamako mai kyau tallafi ba, alhali malaminsa ya sani.

Idan iyaye suka kawo mana kuka, me muke yi? Mu ce a turo lambar yaron, za mu yi wa wane magana. Mun fi son alfarma da koyarwa, don alfarma tana sa a gode maka har abada, koyarwa kuwa tana sa yaro ya daina buƙatarka. Kuma duk alfarmar da aka yi tana ƙara tabbatar wa unguwa cewa lallai sai da uwa a gindin murhu, sai na bayansa su ƙi ma nema.

Wanda ke jiran gwamnati ta ɗebi yara ta kai waje ya tuna halin da ɗaliban Zamfara suka shiga a arewacin Saifurus, inda rashin biyan kuɗin makaranta ya bar su cikin ƙunci har labarin ya cika kafofin watsa labarai a 2024. A 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya dakatar da shirin tallafin nan na yarjejeniya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hangari. Asusun NELFUND da aka buɗe a 2024 yana taimakawa, amma rance ne, kuma na karatun cikin gida. Abin da ya rage na manyan gurabe shi ne wanda ake shiga takara a ci, da rubutu da baki.

Abin da nake nema daga ƙungiyoyin ci gaban Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, da na tsofaffin ɗalibai, bai kai kuɗin kalandar da suke bugawa da hotunan shugabanninsu ba. A samu mutum guda ya riƙe jadawalin ranakun buɗewa da rufewa, ya riƙa aikawa da saƙon murya da Hausa, don shi ke isa inda intanet ke rarrafe. A samu lauya ko ma'aikacin kotu ya zauna da 'yan ajin ƙarshe ya daidaita musu sunaye tun ba a matsu ba. Duk wanda ya taɓa cin irin wannan ganawa ya ɗauki matasa biyu a shekara, ya yi musu gwaji sau uku ko huɗu, ta waya idan hanya ba ta biyuwa, kuma a sa mata cikin masu gwajin, don akwai gidajen da ba za su bar 'yarsu ta zauna da baƙon namiji ba, kuma suna da hujjarsu. Wanda aka gayyata ganawa a biya masa kuɗin mota da masauki, kada ya isa ɗakin da ƙurar hanya da yunwa.

Matashin nan na Ƙaura mun yi zama huɗu da shi. A na ƙarshe ya ba da labarin zauren cikin minti biyu, da adadin yaran, da yadda ya shawo kan wani uba da ya hana 'ya'yansa mata uku zuwa, kuma ya dube ni yana magana. Bai samu gurbin ba. Da sakamako ya fito, kawunsa ya kira ni ya ce dama ya faɗa, sai mai hanya. Shi kuwa yaron ya turo mini tambayoyin da aka yi masa, ya nuna mini biyun da ya san ya yi tuntuɓe a kansu, duk a kan abin da zai yi idan ya dawo gida, ya kuma tambaye ni ko zan duba masa sabon rubutunsa kafin watan Agusta.