Kada a Sake Kwance Injin Kafin a Duba Hayaƙinsa

Maganarmu ta wannan wata a kan motar ƙungiya ce. Ƙungiyar da Allah ya hore mata a-kori-kura, galibi tsohuwa ce ta saya, ko Peugeot 504 irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ko Hilux da ta sha duniya. Ita ke kai gero da wake da riɗi kasuwar Mai'adua da Daura, ita ke kawo taki, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. In ta fara shan baƙin mai sai a tara kuɗi a yi wa injin garambawul. Ta dawo daga gareji, ga hayaƙi yana nan. Sai taro ya rabu biyu, waɗansu su ce bakanike ya cuce mu, waɗansu su ce direba ne ke sayar da man.

Ra'ayinmu shi ne kada ma'aji ya fid da ko kwabo, kada kuma a kama sunan kowa, sai an yi mako biyu ana duban motar nan. Dubawar ba ta cin kuɗi.

Da farko a sani, sabon ringi ba ya zama daidai cikin silinda rana ɗaya. Sai motar ta yi kamar kilomita 1,000 kafin ya kwanta, kuma a tsakanin nan shan ɗan mai ba laifi ba ne. Ga kuma tsohon man da ya taru cikin salansa tun kafin gyara, yakan yi kwanaki yana ƙonewa. Mai sake kwance inji a makon farko yana iya kwance lafiyayye.

Sa'an nan a dubi launin hayaƙin. Baƙi dai fetur ne ko gas ya yi yawa, ko kuwa matatar iska ta toshe. Fari mai kauri wanda ba ya daina fita bayan inji ya ɗauki zafi, ga ruwan lagireto yana raguwa, wannan ruwa ne ke shiga silinda, a tuhumi gasket. Ɗan farin tururi na safiyar hunturu ba kome ba ne. Shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen mai, shi ne baƙin mai.

A kan shuɗin nan muke so a natsu, gama lokacin fitarsa shi ke nuna inda cutar take. Mutum ɗaya ya bi motar a baya da babur yana lura. In da safe ne kaɗai take turnuƙewa sa'ad da aka tashe ta, ko bayan ta daɗe tana silo aka taka totur, sa'an nan ta washe, to, man yana tsiyaya ne ta robobin bawul. Wannan aikin saman inji ne, ba sai an sauke shi duka ba. In kuwa hayaƙin yana ƙaruwa sa'ad da ta ɗauki kaya tana ja, ringi ne. A kwance fulogi a jera su bisa tsumma. In guda ɗaya ne ya jiƙe da mai, silinda ɗaya ce ke da magana. Bakanike mai ma'aunin matsin silinda zai iya tabbatarwa: ya auna, ya zuba cokali ɗaya na mai ta ramin fulogi, ya sake aunawa. In matsin ya hau sosai, ringi ne. Kafin duk wannan a duba abu biyu masu arha, watau ko an cika mai ya wuce alamar geji, ko kuwa tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa ya toshe.

Direba kuma, littafi ne zai wanke shi ko ya kama shi. Kowace safiya, mota tana tsaye a wuri mai daidai kafin a tashe ta, a zaro geji a gaban mutum biyu, a rubuta abin da aka gani da kilomitar da ta yi. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare, domin man da ke zuba ƙasa ba ya hayaƙi.

Mun san abin da za a ce mana. Kaka ta zo, amfani yana gona, tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 haya ta yi tsada, wa ke da mako biyu? Ai ba mu ce a jingine motar ba. Ta yi aikinta, a rage mata kaya, ana rubutawa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne dabarar zuba mai mai kauri, har da man giya, don hayaƙi ya ɓuya. Hayaƙin zai ragu, amma da sanyin safiya man ba ya isa saman inji da wuri, ƙarfe ya ci ƙarfe.

In an tabbata ringi ne, dattawa biyu su tafi wurin bakanike da littafin a hannu, su tambaye shi cikin ladabi ko an auna silinda kafin a sa ringin, ko an goge cikinta. Sau da yawa mu ne muka ce masa kuɗinmu bai kai ba, ya sa ringi kawai. Sabon ringi cikin ramin da ya riga ya faɗaɗa ba zai riƙe mai ba, kome gwanintar mai sawa. A nan ne taro zai zauna ya zaɓa, ko a kai bulok a gyara ramin a sa fistan da ya fi girma, ko a nemi injin Beljiyam. Kowanne aka zaɓa, a sa kuɗin sabuwar matatar iska cikin lissafi, gama yashin hanyar Kongolam da ƙurar hunturu suna cin ringi kamar sanfefa.